Abin da Kyamarar Balki Ta Ɗauko a Gamkalley

SHAFI NA 11

Masu cika min waya da saƙo tun sassafe, na gan ku. Wadda ta rantse za ta biyo ni har gida in na ƙara jinkiri, zauna abinki, ga shi nan. Sai dai ina gaya muku tun yanzu, shafin yau akwai jini a ciki.

* * *

Balki ba ta taɓa riƙe abu mai ƙanƙanta da tsada irin wannan ba.

Kyamara ce, aparai kamar yadda 'yan Yamai ke kiranta, amma ba irin gingimemiyar nan da masu hoton biki ke ratayawa a wuya ba. Wannan duka-duka ba ta fi sabulun wanka ba. Launin azurfa gare ta, da 'yar igiya ta saƙalawa a hannu. In ka danna maɓallin sama sai ta yi 'yar ƙara, idonta ya zuro waje a hankali kamar kan kunkuru.

Yayanta Abdoulkarim, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, shi ya kawo mata jiya da yamma har gidanta a unguwar Boukoki. Bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba. Daga bakin ƙofa ya miƙo mata kwalin.

"Kullum kina kuka wayarki na ɓata miki kwalliyar amare. To ga wannan."

"Yaya! Ina ka samu..."

"Ke dai ki ce kin gode."

Ta yi ta zuba godiya har ya tada motonsa, wato babur, ya tafi.

Kwalliyar amare ce sana'ar Balki, hoto mai kyau kuwa shi ke jawo mata wasu amaren. Kafin magariba ta ɗauki buta, ta ɗauki kajin maƙwabta, har babban yatsan ƙafarta bai tsira ba. Abin da ya fi ba ta dariya, da ta nuna ta ga mutum sai wani ɗan koren akwati ya fito a gilashin baya ya zagaye fuskarsa. Ta so ƙwarai ta nuna wa mijinta Issoufou, amma ya ce mata aiki ya kai shi Dosso, sai jibi zai dawo.

Shi ya sa da hantsi ta miƙa 'yarta Hafsat gidan kakarta ta wajen uba, ta wuce kasuwar Petit Marché wurin Kadi.

Kadi aminiyarta ce tun zuwanta Yamai daga Maradi, Bazabarma mai sayar da salati da shu, wato kabeji. Tana ganin abin ta saki baki.

"Irkoy! Wannan ce aparai ɗin? Ai na ɗauka madubi ne."

"Tsaya, kar ki motsa."

Ƙit!

Kadi ta leƙo ta kalli gilashin, ta dafe goshi.

"Kai! Har ƙurjin nan ta fito min da shi? Goge, goge! Wannan abu ba ta san sirri ba."

"Ban ma iya gogewa ba tukuna."

"To wallahi kar ki nuna wa kowa." Ta jawo bahonta ta ɗora a kai. "Salatina ya ƙare, zan je garkar Baba a Gamkalley in yanko. Zo mu je tare. Dorina na fitowa kwanan nan kusa da tsibiri, sai mu ga ko aparai ɗinki ta isa."

A cikin taksi Kadi ta rage murya.

"Alhajin mijinki ya sake aiko mutane wurin Baba."

"Ni dai Issoufou yana Dosso," in ji Balki. Issoufou yaron Alhaji Bashir ne, dillalin filaye, wanda ya daɗe yana son saye garake na bakin gulbi ya yi gini. Baba Mumuni, mahaifin Kadi, shi ne babban masu garaken, shi ne kuma ya hana kowa sa hannu.

"Me Baba ya ce musu?"

"Ya ce su gaya wa Alhaji a garkar nan aka binne cibiyarsa." Kadi ta dafa gwiwarta. "Ke ba ruwanki, ba da ke nake ba. Kowa da inda yake cin abinci."

* * *

Garkar Baba Mumuni doguwa ce, daga bakin hanya har bakin ruwa. Tsohon ba ya kusa. Kadi ta ce yana can ƙasa wurin injin ban ruwa, ta sunkuya da wuƙarta cikin salati.

Balki ta hau wani ɗan tudu ta ɗaga kyamara.

Akwai wani ɗan marfi kusa da maɓallin, tun jiya ba ta gane amfaninsa ba. Ta tura shi gefe da yatsa. Sai ga gulbi ya taho mata. Jirgin da ta hango kamar tsinke ya cika gilashin, har tana ganin facin da ke rigar masuncin.

"Kadi! Tana jawo nesa kusa!"

"Kin ga dorinar?"

"Tsaya tukuna."

Ta danna jan maɓallin bidiyo, ta riƙa jan hannunta a hankali, kan ruwa, kan ciyawa, kan bishiyoyin mangwaro da ke can ƙarshen garka.

Hannunta ya tsaya.

Mutum uku ne tsaye ƙarƙashin mangwaro. Na huɗun yana ƙasa, a kan gwiwoyinsa, farin gemunsa ya jiƙe da wani abu ja.

Baba Mumuni.

Wani gajere ya riƙe hannuwansa ta baya. Na biyu, mai shuɗiyar riga, ya ɗaga ƙafa ya haure shi a ƙirji. Tsohon ya kife. Suka ɗago shi. Mai shuɗiyar rigar ya nuna masa wata takarda, tsohon ya tofa mata yawu. Mari. Wani marin. Daga inda Balki take ko tari ba ta ji, sai kukan injin ban ruwa da tsuntsaye, amma komai na faruwa a tafin hannunta.

Sai mai shuɗiyar rigar ya waiwayo.

Ɗan koren akwatin ya fito ya zagaye fuskarsa.

Issoufou.

Rigar ma ita ta goge masa da hannunta, ta ninke ta cikin jakar tafiya Dosso.

Ta so ta yi ihu, muryar ta ƙi fita. Ta so ta sauke hannu, hannun ya ƙi.

Na ukun dogo ne, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanu kaɗai a waje. Tun ɗazu bai taɓa tsohon ba. Yanzu ya sunkuya ya ɗauki guntun bututun ƙarfe na injin. Baba Mumuni ya fizge hannu ɗaya ya kamo bakin rawanin yana ja. Dogon ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu.

Ya sauke masa a ka.

Tsohon ya zube kamar buhu.

"Wai ni kin ga dorinar ko ba ki gani ba?" in ji Kadi daga cikin salati, tana dariya. "Kin sandare kamar mai aljanu."

"Kadi..."

"Me?"

"Baba... Baba! Can ƙasa! Suna dukan Baba!"

Kadi ta yar da wuƙa. Gudu suka yi, suna taka salati, suna tsallake ramukan ruwa, Kadi na kurma ihu da Zabarmanci har masu garka na maƙwabta suka fito da hauya. Kafin su isa, ciyawar bakin gulbi kawai ke motsi. Mutanen sun shige.

Baba Mumuni na kwance rub da ciki, jini na bin ramin ban ruwa yana gauraya da ruwan da ke tafiya cikin shuka. Kadi ta faɗa kansa.

"Ay baaba! Ay baaba! Buɗe ido, ni ce!"

Ta cire ɗankwalinta ta danne masa kai. Nan take ya jiƙe sharkaf. Yana numfashi, amma wani irin numfashi mai gurnani. Maza suka ciccibe shi zuwa hanya, aka tare taksi. Kadi ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, sai ta leƙo ta taga, idanunta jajir.

"Balki, ke kika fara gani. Su wane ne?"

Kyamarar na cikin tafin Balki, ta damƙe ta har gefenta na cin namanta.

"Nesa ne... ban gane su ba."

Taksin ya ja.

* * *

Ba ta san yadda ta iso Boukoki ba.

Ta kulle ƙofar gida, ta zauna a ƙasan tsakar gida da mayafinta a jiki. Ta kunna bidiyon. Ta kashe. Ta sake kunnawa. Duk inda ya kai wurin waiwayen sai ta runtse ido. An kira azahar, ba ta iya tashi ba.

Can aka ƙwanƙwasa.

"Balki, buɗe. Ni ne."

Ta cusa kyamarar cikin zaninta, ta buɗe.

Issoufou ya shigo da sallama, da leda a hannu. Ya canza riga, fara ce yanzu. Ya tuɓe takalmansa a bakin ɗaki, ya miƙo mata ledar yana murmushi.

"Aikin ya ƙare da wuri. Ga kilishi na riƙo miki."

Ba ta karɓa ba.

"Lafiya?"

"Ya Dosso?"

"Dosso lafiya lau. Zafi ne kawai."

"Me ya sami hannunka?"

Ya kalli bayan hannunsa. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, fatar ta ɗaye.

"Ƙofar mota ce."

"Ina shuɗiyar rigar da na goge maka?"

Murmushin ya tafi.

"Wace irin tambaya ce wannan? Daga dawowata?"

"Baban Hafsat, yau na je Gamkalley."

Ledar ta faɗi ƙasa.

"Wa ya ba ki izini?"

"Na je da Kadi. Na hau tudu." Ta matso kusa da shi. "Tsohon nan shi ya tsaya mana ranar sunan Hafsat. Shi ya yanka ragon da hannunsa, ka manta? Shi ka haura a ƙirji kamar kare?"

"Dangay! Rufe min baki!"

"Ba zan rufe ba!"

"Wa ya gaya miki wannan ƙaryar? Kadi?"

"Ba wanda ya gaya min. Na gani."

"Daga ina? Babu kowa a wurin, na duba..."

Ya datse maganar. Amma ta riga ta fita.

Balki ta zaro kyamarar ta ɗaga.

"Wannan ta gani. Duka. Fuskarka ta fito kamar ranar aurenmu."

Marin ne ya iso kafin ta ga hannun. Ta bugu da bango, kunnenta ya ɗauki ƙara, ta ji gishirin jini a bakinta. Bai taɓa dukanta ba tun aurensu. Kafin ta miƙe ya damƙo wuyan rigarta ya jawo ta cikin ɗaki, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Ba ni!"

"Ba zan bayar ba!"

Igiyar na saƙale a wuyan hannunta. Ya murɗe hannun har ta durƙusa tana ihu. Ta kai baki ta gartsa masa cizo daidai inda fatar ta ɗaye. Ya yi ƙara, ya kai mata naushi a kafaɗa, ya fizge. Igiyar ta tsinke, ta bar mata jan layi a fata.

Yana haki ya juya kyamarar, yana danne-danne.

"Ya ake goge wannan shegiyar?"

"Ban sani ba. Ko na sani ba zan gaya maka ba."

Ya ɗaga ta sama zai rotsa da ƙasa. Yatsansa ya taɓa wani wuri, bidiyon ya fara. Ya tsaya da hannu a sama, ya sauko da ita a hankali, ya zuba wa gilashin ido.

Balki na kallonsa daga ƙasa. Ta ga fuskarsa ta canza. Ya kalla har ƙarshe. Ya mayar baya ya sake kallo.

Sai ya yi dariya.

Wata irin dariya marar daɗin ji.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ashe Allah ne ya kai ki."

"Ka haukace."

"Ba zan fasa ta ba, Balki. Wannan ita ce za ta fitar da ni. Ni mari na yi, hauri na yi. Alhaji cewa ya yi a tsorata shi ya sa hannu, shi ke nan. Wa ya ɗauki ƙarfe? Ni ne?"

"Duk ɗaya kuke, azzalumai."

"A'a, ba ɗaya ba ne. A gaban alƙali ba ɗaya ba ne." Ya tsugunna gabanta. "Kin kalli mijinki, kin ƙoshi. Mai rawanin fa? Kin kalle shi?"

"Ina ruwana da shi."

"Kalle shi."

Ya tsayar da bidiyon daidai inda dogon ya ɗaga ƙarfe. Ya tura ɗan marfin nan, hoton ya matso, ya ƙara matsowa, har hannaye biyu suka cika gilashin. Ya kamo ƙeyarta ya danna fuskarta kusa.

"Ƙirga yatsun hagu."

Ƙaramin yatsan guntu ne. Rabi.

Balki ta san yatsan nan. Tana yarinya a Maradi, a gabanta injin markaɗen mahaifiyarsu ya cinye rabinsa, ita ce ta ruga ta kira mutane.

"A'a," ta ce.

"E."

"A'a! Ƙarya ne! Yaya Abdoulkarim yana hanya, ya ce min yau zai yi lodi..."

"Kamar yadda ni nake Dosso."

"Me ya haɗa shi da Alhaji? Shi direba ne!"

"Direban wa? An kore shi tun kafin azumi, kunya ta hana shi gaya miki. Shi ya zo ya same ni yana roƙo in sa shi a aiki. Ni ban neme shi ba." Ya kaɗa kyamarar a gaban idonta. "Kina tsammani daga ina wannan ta fito? Jiya da rana Alhaji ya ba mu na shan ruwa. Ni na sa nawa a aljihu. Yayanki ya wuce kanti ya saya wa ƙanwarsa abin wasa."

Balki ta toshe baki da hannu biyu. Godiyar da ta yi ta zubawa jiya a bakin ƙofa ta dawo mata, da yadda ya ƙi haɗa ido da ita.

"Tsohon ya ja masa rawani, ya ga fuskarsa," in ji Issoufou. "Ya kira sunansa ma. Ya ce, kai ne, wan Balki? Shi ya sa."

"Ya isa!"

"Yanzu sai ki tashi ki tafi komisariya ki gaya wa 'yan sanda. Tashi mana! Ni zan yi 'yan watanni in fito. Shi kuwa in tsohon ya mutu, sai dai ki riƙa kai masa tuwo gidan kaso har ki yi furfura. Inna kuma a Maradi, da hawan jininta, ke za ki kira ki gaya mata."

Ta ɗago ta kalle shi. Ta kalli kyamarar. Ta kalli randar ruwa da ke lungun ɗaki, a buɗe.

Ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Jikinta ne ya tafi.

Ta wafce kyamarar daga hannunsa ta yi wajen randar.

"Ke!"

Ya cafko ƙafarta. Ta faɗi da haɓa, haƙoranta suka datse harshenta. Ta ja jiki da gwiwar hannu, saura kaɗan ta kai. Ya hau bayanta ya danne, ya kamo gashinta ya ɗago kanta.

"Ɗazu gaskiya kike so! Yanzu da ta zo gidanku ba kya so?"

"Sake ni!"

"Ki jefa ta a ruwa in zama ni kaɗai aka sani? Gajeren nan zai ce ni ne, yayanki zai ce ni ne, Alhaji zai ce bai taɓa ganina ba! Wallahi sai dai in karya hannun nan!"

Ya kama yatsunta yana ɓanɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Ta laluba da ɗayan hannun, ta ci karo da murfin tukunya na ƙarfe, ta juya ta maka masa a gefen ido. Girarsa ta fashe. Jini ya zubo masa, ya ɗiga a wuyanta. Ya saki gashin ya shaƙe ta da hannu biyu.

Ɗakin ya fara juyawa. Ta ji ƙafafunta na harbin tabarma kamar ba nata ba. Kyamarar dai na cikin tafinta, ba ta saki ba.

Bam! Bam! Bam!

Ƙofar gida.

Hannayensa suka sassauta.

"Balki! Balki, buɗe!"

Muryar Kadi ce, amma ta dishe kamar ta tsohuwa.

Issoufou ya miƙe da sauri, yana share jini da hannun riga. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ɗakin ba shi da wata mafita. Ya zari wuƙar yanka albasa daga cikin kwando, ya laɓe bayan ƙofar ɗaki.

"Ki sallame ta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba na nan. In kika nuna mata, ki tuna wa kike kashewa."

Balki ta tashi tana tari. Ta cusa kyamarar cikin rigarta, ta ja mayafi ta rufe wuya da baki, ta jawo ƙofar ɗakin a bayanta. Ta ratsa tsakar gida ta zare sakata.

Kadi na tsaye, kai babu ɗankwali, zaninta ya bushe da jini har ya yi tauri. A bayanta wanta ne Amadou, babban ɗan Baba Mumuni, mahauci, ƙato, da rigar aikinsa a jiki da adda a hannu. Bai yi sallama ba.

"Kadi... ya jikin Baba?"

Kadi ta girgiza kai.

"Ko gadon asibiti bai kai ba. A cinyata ya cika."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Balki ta dafa bango. Kadi ba ta kuka. Da tana kuka da ya fi sauƙi.

"Wani mai garka ya ce ya hango ki a kan tudu, aparai ɗinki na kallon mangwaro tun kafin ki yi ihu," in ji Kadi. "Ke da bakinki kika ce min tana jawo nesa kusa. Ba ni in gani."

"Batir ɗin... ya mutu."

"Sai a sa caji. Akwai wuta a gidan nan ai."

"Ba ta ɗauki komai ba, Kadi. Ruwa ne kawai da ciyawa. Ban iya ta ba tukuna."

"To ba ni in ga ruwan da ciyawar."

Suka shigo. Amadou ya mayar da ƙofar gida ya sa sakata da kansa.

Kadi ta matso, ta ƙura mata ido. Ta sa hannu ta janye mayafin.

Leɓe a fashe. Shatar yatsu a wuya. Ɗigon jini a ƙirjin riga.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Faɗuwa na yi... a banɗaki."

"Banɗaki ya shaƙe ki?"

Kyamarar na manne da fatar ƙirjinta, da ɗumi kamar abu mai rai.

"Balki, ki dubi Allah," in ji Kadi. "Tun zuwanki garin nan Baba bai taɓa ce miki baƙuwa ba. 'Yata yake ce miki. In kin san wani abu..."

Idon Amadou kuwa yawo yake a tsakar gidan. Ya tsaya kan ledar kilishi da ke yashe a ƙasa. Ya wuce. Ya tsaya a bakin ɗaki.

Ya sunkuya ya ɗauki takalmi ɗaya, na maza.

Ya juya shi.

Baƙin taɓon bakin gulbi ne cike a ƙasansa, ɗanye, ko bushewa bai yi ba. Ganyen salati ɗaya ya maƙale a dunduniyar.

Ya miƙa wa ƙanwarsa.

Kadi ta daɗe tana kallon takalmin. Ta ɗago a hankali.

"Balki," ta ce, "ba kin ce min mijinki yana Dosso ba?"

Amadou ya gyara riƙon addarsa, ya sa ƙafa ya tura ƙofar ɗakin.